Waiwaye: An Ƙirga Sarakunan Bogo, Saura Shanu da Hatsi

Wajen shekarar 1878 wani malami daga gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Sakkwato ya sauka Yola. Sunansa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Lamiɗo Sanda ya karɓe shi da girmamawar da ta dace da jininsa, ya zauna 'yan shekaru yana karantarwa, sannan ya yi arewa, ya ratsa Marwa, ya kafa sansani a ƙasar Bogo, a gindin dutsen Balda. A 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan ya ce shi ne Mahadi. Hayatu ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, shi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Jama'a suka yi ta kwararowa Balda. Lamiɗo Zubairu, wanda ya gaji Sanda a 1890, ya ɗauro yaƙi don ya kashe wutar tun ba ta ci gari ba, aka fatattaki rundunarsa. Hayatu ya haɗa kai da mayaƙin nan Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, aka ci Borno a 1893, daga baya zama ya yi tsami tsakaninsu, aka kashe shi a Dikwa a 1898 a faɗan da ya yi da Fadlallah ɗan Rabe.

Haka ake ba da labarin, kusan haka kuma masanin tarihin nan na Kamaru, Martin Njeuma, ya tsara shi da hujjoji a maƙalarsa ta 1971. Labari ne ingantacce, ban ga abin ragewa a cikinsa ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen da aka ambata a jimla ɗaya aka wuce, wato waɗanda suka kwararo. Makiyaya ne, ko almajirai, ko bayin da suka gudo wa iyayengijinsu, ko talakawan da zalunci ya isa? Garin da ya cika da baƙi da dawaki ba ya rayuwa da wa'azi kaɗai. Wa ya noma dawar da aka ci, a wace gona, kuma da gumin wa? Duk wanda ya soma irin waɗannan tambayoyi ya fita daga tarihin fada, ya shiga tarihin da ke aron ma'aunin masu nazarin tattalin arziki da masu ƙidayar jama'a da masu nazarin ƙasa, don ya auna rayuwar mutanen da maroƙi bai taɓa yi wa kirari ba.

Rubuta tarihin wannan yanki da boko ya soma ne a hannun waɗanda suka ci shi da bindiga. Turawan Ingila suka kama Yola a Satumban 1901, Jamusawa suka ci Garwa kafin shekarar ta fita, sannan a Janairun 1902 hafsansu Hans Dominik ya fasa rundunar Zubairu da ta Marwa a Miskin. A 1912 wani jami'in Jamusawa, Kurt Strümpell, ya wallafa tarihin Adamawa da ya tattaro daga bakin mutane. Bukatar mai mulki ce ta ja alƙalaminsa: wa ya gaji wa, wane lamiɗo ke ƙarƙashin wane, iyakar wa ta tsaya ina. Faransawan da suka gaji ƙasar bayan yaƙin duniya na farko a kan wannan layin suka ɗora.

Wanda ya maido tarihin bakin masu shi kuwa shi ne Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, uwarsa Bafillatana, ubansa Bature. Ya taso ne a zamanin zumuɗin 'yanci. A 1961 Jan Vansina ya fitar da littafin da ya kafa hujja cewa labarin baka shaida ce da ake iya tantancewa yadda ake tantance takarda. A 1964 UNESCO ta ƙaddamar da aikin rubuta tarihin Afirka baki ɗaya. A Zariya Abdullahi Smith na tara rubuce-rubucen Larabci na Arewa, a Yamai kuma aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968. Eldridge ya rataya rakoda ya bi masarautu ɗaya bayan ɗaya, yana zama gaban modibbai da dattawan fada, yana naɗar maganarsu da Fulatanci, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, ya ajiye fassarar Faransanci a gefe. Ta haka aka samu tarihin Marwa da Pette, da na Rai Buba a 1979, da na Garwa a 1980 wanda suka yi tare da Modibbo Bassoro, da na masarautun Diyamare da Mayo Luti a 1988, yankin da Bogo take ciki. Da yawa daga cikin littattafan nan a Tokiyo aka buga su, nesa ƙwarai da mutanen da aka naɗi muryarsu.

Ba don shi ba, da abu mai yawa ya bi masu shi kabari, Allah Ya saka masa da alheri. Sai dai wanda ya zauna a zauren fada, labarin fada zai ji. Giziga da Musgum da Masa suna fitowa a irin wannan labari ne ranar da aka kai musu hari ko ranar da suka kawo gaisuwa. Zumaya, waɗanda Fulani suka tarar a filin Diyamare, sun narke cikin wasu har harshensu ya mutu, kuma kusan duk abin da aka riƙe game da su ta bakin waɗanda suka ci su ya zo. Mata suna shigowa a matsayin uwar wane ko matar wane. Hausawa da Barebari, waɗanda suka riƙe fatauci da rini da fawa da dillanci, a gefen labari suke tsaye, alhali unguwar Hausare a Garwa ba jiya aka kafa ta ba. Sai da Mahdi Adamu ya rubuta littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, Paul Lovejoy kuma ya bi ayarin goro a nasa na 1980, sannan aka soma ganin fatake a matsayin masu yin tarihi da kansu.

Mu koma Balda da wannan ido. A 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Masawa a bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Wajen 1890 zuwa 1891 ya iso ƙasashen tafkin Cadi da ƙasar Hausa, ya share garke bayan garke. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a waɗannan shekaru, ya ga ɓarnar da idonsa ya rubuta. To, waɗannan su ne ainihin shekarun da Zubairu da Hayatu suka ja daga. Bafillacen da ya wayi gari ba saniya ko ɗaya, ba nono, ba sadaki, ba abin biyan zakka, yaya zai ji in an ce masa ƙarshen zamani ya zo, ga tutar Mahadi a Balda? Ban ce annoba ce ta haifi Mahadiyanci ba, domin Hayatu ya yi mubaya'a tun kafin ta iso, kuma imanin mutane ba ya rataye da cikinsu kaɗai. Amma wanda ya ba da labarin yaƙin ya bar mushen shanu a waje, rabin labari ya bayar. Haka batun masakwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasa mai laka bayan ruwa ya janye, wadda ta shigo Diyamare daga Borno ta bazu tun ƙarni na 19. Amfanin gona na biyu a shekara ɗaya yana canza yawan bakin da gari zai iya ciyarwa, yana canza darajar fili, yana canza bukatar ƙwadago, wanda a wancan zamani yawancinsa na bayi ne. Ba a buga wa masakwa tambari ba, amma ta yi tasiri a ƙasar Bogo fiye da lamiɓe da dama.

Wannan salon tunani yana da nasa asalin. A 1929 Marc Bloch da Lucien Febvre suka kafa mujallar Annales a Faransa don yaƙar tarihin sarakuna da ranakun yaƙi. A 1949 Fernand Braudel ya rubuta tarihin Bahar Rum inda teku da duwatsu da farashin alkama suka sha gaban sarki. A 1969 Philip Curtin ya zauna ya ƙirga bayin da aka tsallakar da su tekun Atlantika, lissafin da ya tayar da muhawarar da har yau ba ta kwanta ba. A tsakiyar shekarun 1970 masu wannan ra'ayi a Amurka suka kafa ƙungiyarsu, suka fara fitar da mujalla a 1976. A arewacin Kamaru, abin lura, ba malaman tarihi ne suka fara ɗaukar wannan kaya ba. Masu ƙidaya da masu nazarin ƙasa ne, yawancinsu na hukumar binciken Faransa ta ORSTOM. André Podlewski ya auna haihuwa da mutuwa a tsakanin al'ummomin yankin a shekarun 1960. Alain Beauvilain ya fitar da babban aikinsa a 1989 kan yunwa da annoba da ƙaurar jama'a. A 2000 Christian Seignobos da Olivier Iyébi-Mandjek suka jagoranci kundin taswirori na lardin Arewa Mai Nisa.

A shafukan irin waɗannan ayyuka ne ake ganin wani tarihin da ba shi da jarumi: farar da ta cinye amfanin gona a farkon shekarun 1930, saukowar mutanen duwatsun Mandara zuwa fili, audugar da kamfanin Faransa ya yaɗa daga shekarun 1950 kafin Sodecoton mai hedikwata a Garwa ta gaje shi a 1974, farin 1973 da na 1984. Sai kuma dam ɗin Maga, can gaba da Bogo, wanda aka gina a 1979 don noman shinkafa, ya tare ambaliyar da ke shayar da fadamar yayre inda makiyaya ke cin rani, har sai da aka fasa wani ɓangare na shingen a 1994 don ruwa ya koma. Makiyayin Bogo bai bukaci a karanta masa wannan a littafi ba, a jikin shanunsa ya gani.

Sai dai lamba ma tana ƙarya, kuma nan ne masu ƙidaya suka sha suka. Kowa ya san yadda jangali yake. In mai karɓar haraji ya doso, garke ya kan ragu, wasu shanun su shiga daji, wasu su tsallaka iyaka, wasu a ce na maƙwabci ne. Adadin da ya shiga littafin Bature adadin shanun da aka kasa ɓoyewa ne. Haka ƙidayar mutane a zamanin da ake biyan kuɗin kai ana ɗibar aikin tilas. Mai binciken da ya kwashe waɗannan lambobi ya zana jadawali ya ce ga arzikin Diyamare a 1935, tsoron haraji ya auna, yana zaton dukiya ce. Ga kuma rabon da takardun mulkin mallaka suka yi wa mutane gida biyu, Fulɓe da Kirdi, wato waɗanda ba Musulmi ba, kamar kowa da gidan da aka haife shi zai mutu, alhali a garuruwa irin su Bogo da Marwa da Gidar mutum kan musulunta, ya koma Fulatanci, jikokinsa su tashi Fulani. Philip Burnham ya yi wa wannan batu littafi guda a 1996. A Zariya ma Yusufu Bala Usman ya sha nanata shi. Ya ɗauki abin da matafiyin nan Heinrich Barth ya rubuta kan Katsina ya bi shi dalla-dalla, yana tambayar ina Barth ya sauka, wa ya gaya masa, da wane ido ya kalla, ya kuma yi watsi da ɗabi'ar fassara tarihin ƙasar nan da faɗan ƙabila da ƙabila.

A 1979 Lawrence Stone, wanda shi kansa ya yi zamani yana ƙirge-ƙirge, ya rubuta cewa masana suna komawa ba da labari. A 1982 Ranajit Guha da abokansa a Indiya suka fara jerin littattafansu kan na ƙasa-ƙasa, waɗanda ake mulka ba a jin ta bakinsu. Guguwar ta iso nan. Shirin Ngaoundéré-Anthropos, wanda aka fara a 1992 da haɗin gwiwar jami'ar Tromso ta ƙasar Nowe, ya koya wa ɗalibai bincike da kyamara a unguwanninsu. A 2000 Ursula Baumgardt ta wallafa tatsuniyoyin Goggo Addi, wata tsohuwa Bafillatana a Garwa, littafi sukutum daga bakin mace ɗaya. A 2005 Saïbou Issa ya fitar da maƙala kan abin da bayi da 'ya'yan bayi na arewacin Kamaru ke faɗa da bakinsu, batun da ake rufewa da mayafi a yawancin zauruka har yau. Hamadou Adama na jami'ar Ngaundere ya bi tarihin Musulunci a Kamaru da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke hannun malamai.

Masu ƙidaya na ƙwarai ba su gudu ba, ba su kuma yi girman kai ba. Sun karɓi tambayar da aka jefa musu, wato wa ya ƙirga kuma don me, suka mayar da tasu: wannan muryar da kuka naɗa, mutum nawa take wakilta? Babu inda amfanin haɗa tambayoyin biyu ya fi fitowa kamar littafin ajiyar Hamman Yaji, sarkin Madagali, wanda ya sa aka riƙa rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, aka buga fassararsa a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, da bayin da aka kamo, da shanun da aka koro, a zamanin da Turawa ke cewa sun hana bauta. Mai lissafi zai iya jera hare-haren shekara-shekara ya ga lokacin da suka yi yawa da lokacin da suka lafa. Amma abin da harin ya zama ga uwar da aka ɗauke wa 'ya, wannan sai an hau dutse an zauna da jikokinta, waɗanda har yanzu sunan mutumin bai fita daga bakinsu ba. Ɗayan ba ya wadatarwa sai da ɗayan.

Eldridge kansa ya nuna yadda ake karɓar sabon abu. An rushe cibiyar nazarin ilimin ɗan Adam da yake aiki a reshenta na Garwa a 1991, ya koma jami'ar Maiduguri, a can ya rasu a 2004. Aikinsa na ƙarshe, wanda ya fito a shekarar rasuwarsa, kan yanayi da tarihi ne: yadda fari a ƙarni na 18 da na 19 ya ingiza mayaƙan Bare da Camba daga saman Binuwai suka bazu kudu. Mutumin da ya fara da jerin sarakuna ya ƙare da tambayar ruwan sama. Bai jefar da labaran dattawan da ya shekara yana tarawa ba, su ya koma ya yi wa sabuwar tambaya. Darasin da nake so ƙannenmu da 'ya'yanmu masu karatun tarihi su riƙe ke nan: sabon salo tambaya yake kawowa, amsa kuwa tana wurin shaida, shaida kuma tana inda abin ya faru.

Na faɗi haka ne domin salon bincike yana da yayi kamar atamfa. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako Arewa Mai Nisa a 2014, kuɗin bincike ya karkata ga tsattsauran ra'ayi da tsaro da sauyin yanayi. Batutuwa ne na gaske, jini ya zuba a Fotokol da Kolofata da Marwa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shekara yana bin abu da wanda ya ji inda kuɗi suke ya sauya wa takardarsa suna. Littafin Saïbou Issa kan 'yan fashi masu tare hanya, waɗanda ake kira zargina, ya fito a 2010, kafin duniya ta juyo da kai nan. Ya bi saiwar abin zuwa hare-haren zamanin da, da satar shanu, da makaman da yaƙe-yaƙen Cadi suka watsa, da yadda iyaka ke zama mafaka. Shi ya sa da wuta ta tashi aka tarar da littafin yana da abin faɗa. Rahotannin gaggawa da yawa da aka rubuta bayansa ba su kai shi zurfi ba.

Akwai wani shinge kuma da ba na salo ba ne, na harshe ne. Fombina, wato Adamawa, a da ƙasa ɗaya ce mai hedikwata a Yola, Turawa suka tsaga ta. Sa'ad Abubakar ya rubuta tarihin lamiɓenta da Ingilishi a 1977, Eldridge ya rubuta na masarautun da ke ƙarƙashinta da Faransanci. Ɗalibin Zariya ko Kano ya kan tsaya a na farko, ɗalibin Marwa ya tsaya a na biyu, takardun Jamusawa kuma suna Balin ba kowa ke iya karanta su ba. Ƙungiyar masu bincike ta Mega-Cadi tana ƙoƙarin haɗa ɓangarorin tun 1984. Amma dillalin da ke kai shanu daga Bogo zuwa Mubi bai taɓa bukatar tafinta ba, Fulatanci da Hausa sun ishe shi. Ban ga dalilin da zai hana a fassara manyan ayyukan nan zuwa harsunan da aka yi tarihin da su ba.

Yanzu akwai jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, a Garwa tun 2022. Akwai kwamfuta, akwai wayar da ke ɗaukar hoton takarda ta naɗi murya, akwai hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna yadda gonakin masakwa suka ci daji shekara bayan shekara. Kayan aiki ba su taɓa yin araha haka ba. Abin da ke ƙarewa shi ne shaidar. Har zuwa 1983 duk arewacin Kamaru lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa, saboda haka rahoton da aka rubuta kan Bogo a waɗannan shekaru can ya nufa, kuma takarda da kaset ba sa jure zafi da gara. Karar Bogo, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin shanu na yankin, inda dabbobin Cadi ke sauya hannu kafin su nufi Najeriya. Kowace saniya da aka sayar ana yankar mata tikiti, likitocin dabbobi suna da littattafan allura, an kuma yi ƙidayar jama'a a 1976 da 1987 da 2005. Dillalai da fatomai da suka ga farin 1984, suka ga faɗuwar darajar sefa a 1994, suka ga rufewar hanyar Banki da Amcide bayan 2014, suna nan da ransu, sun san farashin bijimi a kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, sun kuma san shanu nawa ne ba su taɓa shiga littafin kowa ba. Ɗalibin da ya kwafi tikitocin, sannan ya zauna gaban waɗannan dattawa ya ce, "Baba, wannan adadin haka yake?", zai fito da tarihin tattalin arzikin Diyamare na shekara 40 da za a iya dogara da shi. Daga Marwa zuwa Bogo bai kai kilomita 50 ba.